Na sake wa kekena wayoyi, yanzu birki yana kamawa da kansa a kwana

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Yayana ne ya bar mini kekensa mai giya, da shi nake zuwa aiki, da shi kuma nake sauke 'yata a makaranta. Wayoyinsa sun yi tsatsa, birki ya yi tauri, sai na ce bari in sake su da hannuna. Na cire duka huɗun, biyu na birki biyu na giya, na zubar. Na sayo sababbi da bututu iri ɗaya mai tsawo, na yayyanka shi gajeru don gaban keken ya yi tsaf, ba na son ganin wayoyi suna reto. Tun daga ranar giya take tsalle ita kaɗai, wani lokaci in danna ta ƙi sauka. Mafi muni, shekaranjiya na karya kwana da yarinyar a baya, birkin baya ya kama ban taɓa shi ba, muka faɗi. Ta kurje gwiwa, Allah ya tsare abin ya tsaya nan. Uwarta ta ce ba za ta sake hawa ba, Yaya kuma ya ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Kunya ta hana ni kai shi wurin mai gyara. Malam, na lalata keken ne? In haƙura da taɓa shi, ko akwai gyara?

Amsa:

Wa'alaikumus salam ƙanena. Allah ya ba yarinya lafiya, ya ƙara kiyayewa.

Ba ka lalata keken ba. Abin da ka ɓata 'yan guntayen bututu ne, kuma a duk jikin keke babu abin da ya fi su sauƙin sauyawa. Amma kafin mu shiga gyara, uwar yarinya tana da gaskiya kuma ina bayanta. Kada kowa ya hau keken nan, har kai kanka, sai an warware maganar birki. Giya in ta ƙi, wahala kawai za ka sha a hawan tudu. Birki in ya ƙi, ko ya kama a inda ba a neme shi ba, ka riga ka ga abin da yake yi.

Mu fara da abin da ya kayar da ku, don in ka gane shi sauran za su zo maka da sauƙi. Yawancin mutane suna ɗauka waya ce ke yin aikin birki, bututun kuwa riga ce da aka saka mata don kada ruwa ya taɓa ta. A gaskiya aikin na su biyu ne. Idan ka matsa hannun birki, wayar ciki tana ja, bututun waje yana tokarewa. Shi ya dafe tsakanin hannun birki da mazauninsa na jikin firam ya ƙi gajarcewa, ita kuma ta zame a cikinsa. Ba don tokarewar nan ba, da wayar miƙewa kawai za ta yi ta bi hanya mafi kusa, ba abin da zai motsa a can wajen taya. Da wannan dabarar ake ɗaukar ƙarfin yatsu biyu a bi da shi ta lanƙwasa har tayar baya. Wani mutumin Ailan mai suna Ernest Bowden ne ya yi mata rajista a Ingila a 1896, shi ya sa har yau injiniyoyi suke kiran irin wannan waya da sunansa. Wasu kekunan da ba su da ita birkin sanda suke da shi, wanda har yanzu ake gani a manyan kekunan ɗaukar kaya, kuma sandar ƙarfe ba ta san lanƙwasa ba sai an yi mata gaɓoɓi.

Kai ka auna bututunka ne lokacin da kan keke yake miƙe, ka yanke shi daidai wa daida. Da ka juya kan, tazarar da ke tsakanin hannun birki da firam ta ƙaru. Bututu ba shi da rarar da zai bayar, sai ya fizgu ya fito daga mazauninsa. Wayar da ke cikinsa kuwa a ɗaure take a jikin birki, dole ita ta cike giɓin da ya bari. Ta ja, birki ya kama. Kan keken ne ya matsa maka birki. Ka je ka tsaya gaban keken yanzu, ka ɗaga tayar baya ka juya ta, ka sa wani ya juya kan a hankali har ƙarshe. Za ka ga bakin bututun yana zamewa daga raminsa, a daidai lokacin kuma tayar za ta tsaya. Giyar da ke tsalle ita ma rabin ciwonta daga nan yake, don wayar giya ba ta bukatar a ja ta da yawa kafin sarƙa ta bar wurinta.

Saboda haka ba a auna bututu da awon ido, kuma ba a auna shi keke yana kallon gaba. Ka saka baki ɗaya a hannun birki, ka riƙe ɗaya ɓangaren da yatsa a gefen mazauninsa na firam ba tare da ka yanke ba, sannan ka juya kan keke zuwa dama har ya ƙure, ka juya hagu har ya ƙure. A gefen da ya fi jan bututun, nan za ka tsaya ka sa alama, ka kuma ƙara ɗan rara kamar faɗin yatsa. In kana shakka tsakanin tsawo biyu, ɗauki mai tsawon. Wanda ya yi tsawo ana rage shi gobe, wanda ya gajarce sai shara. Amma kada tsoron faɗuwar nan ya tura ka ɗaya gefen, ka bar musu tsawo suna lilo a gaba. Bututu mai tsawo fiye da kima yana ƙara guga a ciki, birki ya yi laushi kamar soso, yana kuma iya sarƙe wani abu a hanya. Abin da ake nema lanƙwasa ce mai faɗi irin ta baka, wadda ta fito daga hannun birki a miƙe ta shiga mazauninta a miƙe, babu karyewa a bakin ko ɗaya. Tsaf ɗin da ka nema abu ne mai kyau, ni ma ina son keke mai kintsattsen gaba. Yana zuwa ne daga lanƙwasar dama da ta hagu su yi daidai da juna, gajarta ba ta kawo shi.

Akwai maganar da ta fi wannan tayar mini da hankali a wasiƙarka: ka ce bututu iri ɗaya ka saka wa duka huɗun. Bututun birki da na giya daga waje suke kama, cikinsu daban ne. Ɗauki guntun da ya rage maka ka kalli bakinsa da kyau. In ka ga ƙarfe ɗaya a nannaɗe kamar sifirin, na birki ne, yawanci kaurinsa milimita 5. In ka ga siraran wayoyi da yawa a jere kewaye da ramin, duk suna bin tsawon bututun kamar tsinken tsintsiya, na giya ne, yawanci milimita 4. Kada ka dogara da kauri kaɗai, domin akwai na giya mai milimita 5. Bakin shi ne shaida.

Nannaɗaɗɗen yana da ƙarfin jure matsi, duk yadda ka damƙi birki ba zai fashe ba, sai dai yana ɗan matsewa yana buɗewa kamar kowane sifirin. Birki bai damu da wannan ba. Giyar zamani ta damu ƙwarai. Tun da kamfanin Shimano ya fito da giya mai ƙas-ƙas a 1984, wadda dannawa ɗaya take kai sarƙa faifai ɗaya cif a jerin faifai masu haƙora da take hawa, aikin ya koma na ƙididdiga. A kekunansu masu faifai 7 zuwa 9 a baya, kowace dannawa tana jan waya kusan milimita 3 ne ko ƙasa da haka. In bututu ya cinye ko da kaɗan daga cikin wannan, sarƙa za ta tsaya tsakanin faifai biyu tana ƙara, ko ta yi tsalle. Don haka aka ƙera na giya da wayoyi a miƙe, tsawonsa ba ya canzawa ko an lanƙwasa shi. Amma wayoyin nan roba ce kawai ta riƙe su wuri ɗaya. Ka saka shi a birki, wata rana ka damƙa da ƙarfi mota ta tsaya a gabanka, robar ta tsage, wayoyin su tarwatse, hannun birki ya tafi har jikin kan keke babu komai a cikinsa. In nannaɗaɗɗe ka saka wa duka, giyarka ce ke shan wahala kuma ka sami ragowar amsarka. In na giya ne a birkinka, to faɗuwar shekaranjiya ta tsare ku daga wadda ta fi ta. Akwai wani bututun birki na musamman mai wayoyi a miƙe da aka ƙarfafa da saƙa a kewaye, amma shi a rubuce yake a jikinsa cewa na birki ne. Wanda ba a rubuta ba kada ka yarda da shi.

Wayoyin ciki ma haka suke: ta birki kauri, milimita 1.5 ko 1.6, ta giya siririya, 1.1 ko 1.2. Kan wayar birki iri biyu ne, mai kama da ƙaramar ganga na keken da kansa yake miƙe, da mai kama da ƙwallon goruba mai wuya na keken tsere mai lanƙwasasshen kai. In ka sami wayar ƙarfen da ba ya tsatsa, ita za ka ɗauka, tunda tsatsa ce ta fara kawo ka nan. Ka kuma shirya wa wani abu guda: da ka ƙara wa bututai tsawo, wayoyin da ka riga ka yanke ba za su kai ba. Ta birkin baya za ta iya komawa gaba in ka datse inda noti ya murƙushe ta, haka ta giyar baya za ta iya komawa giyar gaba. Na baya biyun sai sababbi.

Yankan bututu yana da nasa hukuncin. Filaya ta gida murƙushe shi take yi, bakin ya toshe, waya ta riƙa kartar ƙarfe duk lokacin da ta wuce. In za ka iya samun almakashin yankan wayar keke, ko aro ne, ka samu. Ka yanke babu sabuwar wayar a ciki. Bayan yanka, nannaɗaɗɗen yakan bar wani ɗan haƙori a baki, ka goge shi da magagari har bakin ya yi sumul a kwance, sannan ka sa basilla ko siririyar ƙusa ka buɗe robar ciki. Kowane baki a saka masa hularsa, ta ƙarfe ga birki. Hular nan ƙarama ce amma ita ke sa bututu ya zauna daram a raminsa. Na giya in babu hula, wayoyinsa za su yi ta kutsawa cikin ramin, saiti ya riƙa gudu kullum kana binsa. Ɗigon mai mara kauri a jikin waya ya isa. Giris mai kauri a bututun giya riƙe waya yake yi, musamman in ƙura ta same shi.

Ka zubar da tsofaffin, da su ne za su nuna maka hanya. Nan gaba ka ɗauki hoto kafin ka kwance komai, ka kuma sake waya ɗaya-ɗaya, kana gama wannan kafin ka taɓa waccan. Yanzu dai firam ɗin zai gaya maka. Ka bi jikinsa da ido ka nemi ƙananan mazaunan da aka liƙa, kowanne yana da baki mai faɗi inda bututu ke shiga da ƙaramin rami inda waya tsirara ke fita.

Kafin ka zura komai, ka tsai da shawarar wane hannu ne na wane birki. A Amurka da yawancin ƙasashen Turai da ke tuƙi a hannun dama, hagu ne birkin gaba, dama na baya. A Ingila da Japan da Ostareliya akasin haka ne, dama ne na gaba, kamar yadda yake a babur. Babu wanda ya fi wani a wurin tsayar da keke. Abin da ke kashe mutum shi ne hannunsa ya saba da ɗaya a ba shi ɗaya. Ka mayar da shi yadda hannunka ya sani tun farko. In ba ka tuna ba, tambayi Yaya, ai shi ya fi kowa sanin keken.

Birkin gaba hanyarsa gajeriya ce, daga hannu ya sauko kai tsaye, ba ya zagaya wuyan keke, ba ya ratsa tsakanin sauran, ba ya kuma taɓa taya. Na baya shi ke da tafiya. A kekuna da yawa mazauninsa yana gefen hagu na sandar sama, saboda haka in hannun dama ne ke riƙe da shi, bututun zai zagaya ta gaban wuyan keke ya shiga ta hagu, lanƙwasa mai faɗi mai daɗi. In hannun hagu ne, lanƙwasar ta fi matsewa, sai ka ƙara kula da awo. Guntun ƙarshe da ke shiga birkin kansa shi ma a auna shi: in ya yi tsawo zai tura birkin gefe ɗaya roba ta riƙa goga rim, in ya gajarce zai ja shi. In birkinka irin mai dogayen hannuwa biyu ne da waya ke ratsawa ta samansu, akwai wani lanƙwasasshen bututun ƙarfe da ke zama a cikin ɗan kwandonsa. Ka tabbata ya shige har gindi, don in ya zauna rabi zai iya ficewa a tsakiyar tafiya. Kuma tunda kana ɗaukar yarinya, ka duba kariya ko kujerarta. Na sha ganin ƙafar kariya ta danne bututun birkin baya, mai keke yana ta neman laifi a wani wurin. Ka aza nauyi a kai ka sake dubawa, don abin da bai taɓa ba babu kaya yana iya taɓawa da kaya.

Wayoyin giya a yawancin kekuna suna gangarowa ta sandar da ta taso daga wuya zuwa gindin feda. Hanyar da aka saba ita ce madannin dama ya shiga mazaunin dama, na hagu ya shiga na hagu. Matsalarta, bututun yana karyewa sosai a kusa da wuya kuma yana cin fenti. Akwai wata hanya da na fi so in firam ya yarda: bututun dama ya zagaya ta gaban wuya ya shiga mazaunin hagu, na hagu ya shiga na dama, sannan wayoyin tsirara su gitta juna a ƙarƙashin sandar kowacce ta koma gefenta. Lanƙwasar takan fi faɗi, kan keke ya juya a sake, gugar wayoyin biyu a inda suka haɗu kuma ba ta taka kara ta karya ba. Amma sai mazaunan suna can ƙasa-ƙasan sandar. In ka gwada ka ga waya tana kartar fenti, koma hanyar farko ka liƙa ɗan tef mai kauri inda bututu ke gogar wuya. A ƙarƙashin gindin feda akwai wata 'yar roba mai kwari biyu. Ka kifa keken ka wanke ta, ka ga kowace waya ta kwanta a kwarinta, ta giyar baya a na ɓangaren sarƙa. Wurin nan laka ke taruwa, kuma ba kowa ke leƙa shi ba.

Guntun bututun da ke shiga macanjin giya na baya, wato ƙarfen da ke tura sarƙa daga faifai zuwa faifai, duk ƙanƙantarsa, shi ne sarkin rigima. Macanjin yana motsi gaba da baya, in guntun ya gajarce zai karye a bakin hula, in ya yi tsawo zai yi ta reto yana cin guga. A bar shi ya yi zagaye mai sauƙi ya shiga notin saiti a miƙe, wato notin da ake murɗawa a ƙara ko a rage jan waya. Da ka ce kana dannawa giya ta ƙi sauka, nan na fara zargi. Hawa babban faifai ƙarfin yatsanka ne ke yin sa, ko akwai guga za ka rinjaye ta. Sauka zuwa ƙaramin faifai kuwa sifirin macanjin ne kaɗai ke jan wayar ta dawo, kuma ƙarfinsa kaɗan ne. Duk inda waya ta ɗan maƙale, a sauka ake fara gani.

In kekenka irin wanda wayoyi ke shigewa cikin firam ne, aikin ya ƙaru tunda ka zare tsofaffin. Da ana zura siririn bututun roba a kan tsohuwar waya kafin a zare ta, ya zauna a ciki ya zama jagora. Yanzu sai maganaɗisu ka bi da kan wayar daga waje har bakin rami, ko ka zura zare ka zuƙo shi ta ɗaya ramin da injin zuƙar ƙura. Ka kula kada wayoyi biyu su nannaɗe juna a ciki. Alamarsa, ka ja ɗaya ka ga ɗayar ta motsa.

Wajen ɗaurewa, danna madannin giya har ya saki waya gaba ɗaya, sarƙa tana kan ƙaramin faifai, tun kafin ka zura sabuwar. In ba haka ba kan wayar ba zai zauna a gurbinsa ba. Murɗa notin saiti ciki har ƙarshe, ka dawo da shi zagaye ɗaya ko biyu don ka sami wurin gyara ta kowane gefe. A ƙarƙashin notin da ke damƙe waya akwai ɗan kwari da aka yi mata, nan za ta bi. In ta bi ta ɗaya gefen notin, yawan motsin da kowace dannawa ke bayarwa ya canza, za ka saita faifai biyu su yi daidai sauran su ƙi, ka kwana kana murɗa noti a banza. Ja wayar da hannu ta miƙe, ka ɗaure da alanki, yawanci mai lamba 5, da ƙarfin da zai ɗan baje wayar ba tare da ya tsinka silinta ba. A birki, robobin su tsaya kamar milimita 1 zuwa 2 daga rim kowane gefe.

Daga nan ka damƙi kowane birki da iya ƙarfinka sau goma. Ka kama wayar giya inda take tsirara ka ja ta gefe sau da yawa. Za ka ga komai ya saki. Mutane suna cewa waya ce ta miƙe, amma galibi huluna ne da bakunan bututu suke samun wurin zamansu. Ka kwance ka sake ja ka ɗaure. Sai saiti: in sarƙa tana jinkirin hawa babban faifai, fito da notin saiti waje rubu'in zagaye, ka gwada, ka ƙara. In tana jinkirin sauka, mayar da shi ciki. In ta ƙi ta ko'ina, guga ce ko kuma ɗan ƙarfen da macanjin ke rataye a kai ya lanƙwashe, abin da faɗuwa ta gefen dama takan jawo, kuma wannan na mai gyara ne. Ƙananan sukurori biyu masu alamar H da L iyakar tafiyar macanjin suke tsarewa don kada sarƙa ta faɗa cikin taya. In ba ka taɓa su ba, ka bar su yadda suke. Sai komai ya zauna za ka yanke jelar waya, ka bar santimita 3 zuwa 4, ka matse mata hular ƙarshe don kada ta warware. In birki mai faranti ne, jelar kada ta wuce santimita 2, saboda kada ta shiga farantin.

Maganar kunyar mai gyara kuwa, ƙanena, ka ajiye ta. Gajeren bututu yana cikin abubuwan da duk mai gyaran keke ya fi gani, kuma shi ma da hannunsa ya koya. Shawarata ka yi aikin da kanka, don ka riga ka fahimci abin da mutane da yawa masu hawan keke ba su taɓa tsayawa sun duba ba, sannan ka tura keken da ƙafa ka kai masa ya duba birkin biyu kafin ka hau. Ka gaya masa duk abin da ka yi ba ɓoye-ɓoye, ka tsaya ka kalli inda hannunsa zai fara zuwa. In kuma ka ji zuciyarka ba ta kwanta da birkin ba, ka bar masa birki kai ka riƙe giya, babu faɗuwar girma a ciki. Kalmar Yaya ta yi zafi, na sani, amma 'yarsa ce ta faɗi, tsoro ne ya yi magana. Ka kira shi ranar da za ka yi awo ya riƙe maka kan keken, aikin dama ya fi daɗi da hannu huɗu.

Uwar yarinya kada ka ja da ita da baki, gani ya kori ji. Ranar da aka gama, ka ɗaga keken a gabanta, ka juya tayoyin, ka karya kan dama da hagu har ƙarshe ta ga ba abin da ya kama. Ka damƙi kowane birki da ƙarfi ta ga hannun ya tsaya da sauran tazarar yatsu biyu kafin ya taɓa kan keke, ka tura keken gaba ta ga tayar ta ƙi juyawa. Bayan haka ka yi mako guda kana hawa kai kaɗai, kana gwada birki a hankali a wurin da babu motoci, kwana dama kwana hagu. Ƙarshen makon ka sake duba notocin, ka leƙa wayar a gindin hannun birki da wajen noti, in ka ga ko sili ɗaya ya tsinke ka sauya ta. Yarinyar kuma mai yiwuwa ta tsorata da keken, kada ka matsa mata. Ranar da ta yarda, ka fara da turawa da ƙafa tana zaune a kai, ka ga inda ƙafafunta suke sauka. In suna iya kaiwa ga taya, a sa musu kariya tukuna, jelar wayar birkin baya kuma ka lanƙwasa ta ciki yadda ba za ta karce ta ba.